Hoton Terahaz a Cikin Tururin Siziyom: Nazarin Aikin Wani Ɗakin Gwaji, 2007 zuwa 2020

Wannan nazari ya bi sawun wani ɗakin gwaji na sashen fiziks a wata tsohuwar jami'a da ke arewa maso gabashin Ingila. Matsalar da ya fuskanta ita ce yadda za a ɗauki hoton abu mai motsi da hasken terahaz, a kan teburi, cikin zafin ɗaki, ba tare da an jira mintuna kafin hoto ɗaya ya kammala ba.

## Asalin matsalar

Tsakanin igiyoyin da wayar salula ke aiki da su da hasken infirared da ke fita daga jikin duk abu mai ɗumi, akwai wani yanki da ake kira terahaz. Terahaz 1 na nufin igiyar tana kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, tsawon zangonta kuwa milimita 0.3 ne. Yankin ya kama daga terahaz 0.1 zuwa 10. Wannan haske yana ratsa takarda da kwali da yadi da roba, ƙarfe yana mayar da shi baya, ruwa kuma yana shanye shi. Ba shi da ƙarfin ɓalle elektron daga jikin ƙwayar zarra kamar hasken da ake hoton ƙashi da shi a asibiti, saboda haka ba ya ɗauke da irin wancan haɗarin.

Masu masana'antu sun daɗe suna kwaɗayinsa. A 1995 masu bincike biyu a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, Hu da Nuss, suka wallafa wasu daga cikin hotunan terahaz na farko, ciki har da na ganyen itace da ke nuna inda ruwa yake a jikinsa. Bayan jirgin sararin samaniya Columbia ya tarwatse a 2003, hukumar NASA ta yi amfani da terahaz wajen duba kumfar da ke lulluɓe da tankin man jiragenta, ana neman ramukan da ido ba ya gani. Amma irin waɗannan hotuna ana haɗa su ne ɗigo bayan ɗigo: na'ura ta auna wuri ɗaya, a matsa, ta auna na gaba. Ga kumfar tanki da ke ajiye wuri guda, babu laifi. Ga kwalin abinci da ke gudu a kan bel ɗin masana'anta kuwa, kafin a gama layi ɗaya ya yi gaba.

Tushen wahalar yana cikin ƙanƙantar ƙarfin hasken. Ƙwayar haske ɗaya ta terahaz 1 tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin da zafin ɗaki kaɗai ke ba ƙwayoyin abu. Duk na'urar da aka kafa don ta ji shi, tana kuma jin ɗumin bango da teburi da jikin mai gwajin. Hanyoyi biyu aka saba bi. Ta farko ita ce bolomita, na'urar da ke auna ɗan ɗumin da haske ya bari, a sanyaya ta da ruwan hiliyom zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. Tana ji sosai, amma kayan sanyin sun fi ta girma da tsada. Ta biyu ita ce jera dubban ƙananan bolomitoci marasa sanyi su zama kyamara. Tana aiki a ɗaki, sai dai kowane ɗigo sai ya ɗumama ya huce kafin ya karɓi sabon hoto, abin da ya tsayar da ita a 'yan gomomin hotuna a daƙiƙa, kuma tana buƙatar haske mai ƙarfi. Gaba kura, baya sayaki: mai ji ba ta da sauƙin riƙewa, mai sauƙin riƙewa ba ta da ji ko sauri.

## Ƙwayar da aka kumbura

A 1888 masanin Suwidin Johannes Rydberg ya fitar da lissafin da ya bayyana jerin launukan da ƙwayoyin zarra ke fitarwa. Daga baya aka gane cewa jerin yana nuna matakan da elektron ke takawa, kamar tsani, ana ƙirga su da lamba n. Ƙwayar da aka ɗaga elektron ɗinta na waje zuwa mataki mai nisa ita ake kira ƙwayar Rydberg.

Girmanta yana ƙaruwa da n sau n. A mataki na 100, faɗinta ya kai kusan maikiromita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), girman ƙwayar bakteriya. Elektron ɗin ya yi nesa da cibiya, riƙon da ake masa ya yi sako-sako, don haka ɗan filin lantarki kaɗan ya isa ya karkatar da shi. Wannan karkata tana ƙaruwa da n sau bakwai a jere: a ninka n sau biyu, ta ninku sau 128. Tazarar da ke tsakanin matakai kuma tana raguwa yayin da ake hawa. A can sama, wajen mataki na 50, tazarar ta yi daidai da igiyoyin maikirowef. A ƙasa kaɗan, tsakanin na 10 da na 30, ta faɗa cikin yankin terahaz.

Masana sun san da wannan tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 masu bincike a Amsterdam sun ɗauki hoto da irin waɗannan ƙwayoyi, amma hanyar karanta su ita ce a fizge elektron ɗin gaba ɗaya a ƙirga abin da ya fita. Hakan na buƙatar akwatin da aka zuƙe iskarsa da faranti masu ɗauke da lantarki, kuma kowane awo yana lalata ƙwayar da aka auna da ita.

## 2007: karanta ƙwaya ba tare da fasa ta ba

A lokacin ba hoton terahaz ne a gaban ɗakin ba; halayen haske a cikin tururi suke bincike. Sun ɗauki 'yar kwalbar gilashi mai tururin wani ƙarfe da ake kira rubidiyom a zafin ɗaki. Leza mai rauni mai zangon nanomita 780 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) idan ta shiga tururin, yana shanye ta. Da aka haɗa ta da leza ta biyu, shuɗiya, ta nanomita 480, wadda ke kai ƙwayoyin matakin Rydberg, sai tururin ya buɗe wa ta farkon hanya a wani siririn wuri. A allon na'ura ana ganin wannan kamar tsini guda. Duk abin da ya taɓa matakin Rydberg zai motsa tsinin, kuma ƙwayar tana nan ba a fasa ta ba.

Gwajin ya zo da wani abu da bai yi aiki ba. Da aka sanya filin lantarki mai tsayawa wuri ɗaya daga wajen kwalbar, tsinin bai motsa ba. Cajin lantarki da ke taruwa a jikin gilashin daga ciki ne yake jeruwa ya kare ƙwayoyin. Wato ƙwayar da ta fi kowace jin lantarki tana zaune a cikin gidan da ya toshe mata kunne. Igiyoyi masu saurin kaɗawa ba su da wannan matsala, domin cajin ba ya iya bin saurinsu. Wannan ya nuna inda hanyar za ta fi amfani: maikirowef da abin da ke sama da shi. Matsalar filaye masu jinkiri ta jira har 2020, lokacin da masu bincike a ɗakunan gwaji na Sandia a Amurka suka yi amfani da kwalbar dutsen safaya suka auna filayen da ke kaɗawa ƙasa da sau 1,000 a daƙiƙa.

## 2012 zuwa 2014: abin da wasu ɗakuna suka ƙara

A 2012 masu bincike daga jami'o'in Oklahoma da Stuttgart suka ɗora igiyar maikirowef a kan wannan tsari. Idan igiyar ta dace da tazarar matakai biyu na Rydberg, tsinin nan yana rabewa biyu, abin da masanan fiziks Autler da Townes suka bayyana tun 1955. Faɗin rabuwar yana tafiya daidai da ƙarfin filin. Sun gano filin da bai wuce maikirovolt 8 a santimita ba; maikirovolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na volt.

Hukumar awo ta Amurka, NIST, a Boulder, ta ga amfanin wannan ta wata fuska a 2014. A al'ada ana daidaita eriyar awo ne ta hanyar sanya ta cikin filin da aka san ƙarfinsa, filin kuma ana saninsa ne da eriyar da aka riga aka daidaita. Ƙwayar zarra ta yanke wannan zagaye. Abin da ake buƙata kawai shi ne faɗin rabuwar, da lambar Planck (wani tsayayyen adadi a fiziks), da wani adadi na ƙwayar da ake lissafawa da alƙalami. Kowace ƙwayar rubidiyom daidai take da 'yar uwarta a ko'ina, babu wadda ke tsufa ko sauka daga awo.

A wannan tsakani ɗakin na Ingila ya yi wani sauyi da bai ja hankali sosai ba. A 2012 ya nuna cewa za a iya hawa tsanin da leza uku a tururin siziyom, dukkansu na infirared: nanomita 852, sai 1470, sai ta uku wajen 800. Irin waɗannan leza sun fi shuɗiya mai ƙarfi araha da sauƙin samu. Akwai riba ta biyu da ta fito fili daga baya. Tunda babu ko ɗaya cikin ukun da ke cikin hasken da ido ke gani, duk wani launi da ya bayyana a kwalbar daga ƙwayoyin ya fito.

Siziyom ƙarfe ne mai taushi da ke narkewa a digiri 28.5, wato ranar bazara a Sakkwato ta isa ta mayar da shi ruwa. Shi ya sa ɗan ɗumama kwalba ke samar da isasshen tururi. Shi ne kuma ƙarfen da aka ɗora ma'anar daƙiƙa a kansa tun 1967, don haka matakansa suna cikin waɗanda aka fi aunawa da kyau.

## 2017: hoton farko

A aikin da aka wallafa a mujallar Nature Photonics, an saita leza ta uku, ta nanomita 799, kusa da wani mataki a hawa na 21, amma da gangan aka ɗan kauce masa. Leza kaɗai ba ta isa ta ɗora ƙwayoyin ba. Sai inda hasken terahaz 0.634 ya iso ya cike ratar, nan ne kawai ƙwayoyin ke samun wurin sauka a matakin da ke maƙwabtaka. Daga can suna gangarowa ƙasa, suna sakin hasken da ido ke gani.

Aka harba terahaz cikin kwalbar, ya dawo ya haɗu da kansa, ya zama tsayayyar igiya. Abin da kyamarar kasuwa ta ɗauka shi ne zaren haske a kan hanyar leza, mai tsaga-tsaga: haske, duhu, haske, duhu, tazarar kowane biyu kusan milimita 0.24, rabin zangon igiyar. Babu abin da aka matsa, hoton ya fito nan take. An kuma auna ƙarfin filin da rabuwar Autler da Townes a cikin kwalbar guda.

Iyakarsa a fili take. Ƙwayoyin suna amsawa ne a inda leza ta bi kawai, leza kuwa siririn zare ce. An ga igiyar kanta a layi ɗaya, ba a ga siffar wani abu ba. Kaucewar da aka yi wa matakin ta rage hasken da ba a so, amma ta rage yawan ƙwayoyin da ke amsawa.

## 2018: wata ratse

Tun 2013 ɗakin ya lura cewa idan ƙwayoyin Rydberg suka yi yawa a tururi, sukan sauya hali gaba ɗaya a lokaci guda, daga kaɗan zuwa da yawa, kamar an danna makunni. Masu bincike a Stuttgart sun nuna a 2016 cewa ƙwayoyin da suka rasa elektron suna da hannu a wannan. A 2018 ɗakin ya nuna cewa ɗan hasken terahaz zai iya tura tururin ya tsallake wannan iyaka, abin da ke mayar da ƙaramin sauyi ya zama babba.

A matsayin mai gano ko akwai haske ko babu, hanyar tana da ji. Amma tururin da ya tsallake ba ya dawowa ta inda ya bi. Amsarsa ta dogara ga halin da yake ciki a baya. Hoto yana buƙatar kowane ɗigo ya faɗi yawan hasken da ke kansa a yanzu. Ba ta nan hoton ya fito ba.

## 2020: shimfiɗar haske

Sakamakon da aka wallafa a mujallar Physical Review X ya zo da sauye-sauye uku.

An baje lezocin uku suka zama shimfiɗa, faɗin santimita ɗaya, kaurinta bai kai zangon igiyar terahaz ba. Wannan shimfiɗa a cikin tururi ita ta zama fuskar kyamara. An sauko daga hawa na 21 zuwa na 14, da leza ta uku ta nanomita 843, kuma wannan karon an saita ta daidai kan matakin. Hasken terahaz 0.55 yana ɗaga ƙwayar daga nan zuwa wani mataki da ke dab da shi, wanda idan ƙwaya ta gangaro daga kansa takan saki koren haske na nanomita 535. Sai aka sanya gilashin tacewa a gaban kyamara, wanda kore kaɗai yake bari ya wuce.

Tsarin a kan teburi haka yake. Na'urar terahaz tana haska abin da ake so a gani. Lensuna suna tattara inuwarsa su ɗora ta a kan shimfiɗar. Inda terahaz ya sauka, tururin ya yi kore. Inda abin ya tare shi, wurin ya yi duhu. Kyamarar haske ta gama-gari tana kallo daga ɗaya gefen.

An fara da faifan ƙarfe da aka huda masa siffar harafin Girka, siffar ta fito. Aka kawo faifai mai ramuka yana juyawa, aka ɗauke shi a hotuna 3,000 a daƙiƙa, haƙoransa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Aka kuma saki ɗigon ruwa yana faɗowa; da yake ruwa na shanye terahaz, sai ya bayyana baƙi a kan koren fili yana sauka.

Alƙaluman da aka bayar: fuskar gani santimita ɗaya murabba'i, rarrabe abubuwa zuwa kusan milimita ɗaya, dab da iyakar da zangon igiyar ya yarda, mafi ƙarancin ƙarfin da aka gano femtowat 190 a awon daƙiƙa ɗaya, a kan ɗigo mai faɗin maikiromita 40. Femtowat ɗaya shi ne wat ɗaya a raba shi gida tiriliyan dubu.

## Dalilin da ya sa ya yi aiki

Saurin ya samo asali ne daga cewa babu abin da ke jiran ya ɗumama ko ya huce. Ƙwayar tana zama a matakin sama na kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ta saki haskenta, ta koma ƙasa, leza ta sake ɗaga ta. Abin da ya tsayar da gwajin a hotuna 3,000 shi ne kyamara da yawan koren hasken da ke isa gare ta.

Saukowa zuwa hawa na 14 ya taimaka ta wata hanya. Ƙwayoyin siziyom a zafin ɗaki suna gudun fiye da mita 200 a daƙiƙa. Wadda ta daɗe kafin ta saki haske za ta sake shi nesa da inda terahaz ya same ta, hoton ya dushe. A kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, tafiyarta ba ta wuce kusan milimita 0.2 ba, ƙasa da abin da hoton ke iya rarrabewa. Matakan can sama sun fi ji, amma sun fi daɗewa, sun kuma fi saurin cin karo da juna.

Sai batun ɗumin ɗaki, wanda ya tilasta wa bolomita shiga hiliyom. Bolomita tana karɓar duk hasken da ya zo mata. Ƙwayar zarra kuwa siririn yanki ɗaya take amsawa, ɗumin da ke cikin wannan yanki kuma kaɗan ne. Sannan ƙwayar terahaz mai rauni akan musanya ta da koriyar ƙwayar haske da ta fi ta ƙarfi kusan sau 1,000, wadda kowace kyamara ta iya kamawa.

## Hukunci

Matsalar da aka fara da ita, wato sauri da ji a zafin ɗaki, an warware ta a kan teburin gwaji, kuma tazarar da ke tsakanin 'yan gomomin hotuna da 3,000 ba ƙarama ba ce. A ganina babbar dabarar ita ce ƙin gina sabuwar kyamara. An bar wa masana'antar kyamarar haske, wadda ta shafe shekaru tana gogewa, nauyin da ta iya ɗauka, aka ba tururi aikin musanya launi kawai. Sauyin 2012 zuwa leza uku marasa launi, wanda a lokacinsa ya yi kama da batun rage kuɗi, shi ya share fagen wannan.

Amma da sauran rina a kaba, kuma akwai adadi ɗaya da ke iya ruɗin mai karatu. Santimita ɗaya murabba'i a ɗigon maikiromita 40 ya ba da ɗigo 62,500. Tunda igiyar ba ta rarrabe abin da ya gaza milimita ɗaya, wuraren da suke da bambanci na gaskiya a hoton ba su fi kusan 100 ba, goma a tsaye goma a kwance. Ya isa a ga ɗigon ruwa ko ɗan ƙarfe a cikin kwali, bai isa a duba babban kaya ba sai an faɗaɗa shimfiɗar, faɗaɗawa kuma na cin ƙarfin leza.

Siririn jin da ya kore ɗumin ɗaki shi ne kuma ya ɗaure na'urar a launi ɗaya. Ba ta ganin terahaz ɗin da jikin mutum ke fitarwa da kansa. Dole a haska abin da igiyar da ta dace da matakin daidai. Mai son wata igiyar sai ya sauya leza ta uku ya nemi wasu matakai. Terahaz 0.55 ma yana maƙwabtaka da 0.557, inda tururin ruwan da ke cikin iska ke shanye haske sosai, abin da ba ya damun teburi amma zai dami mai son hange daga nesa. Lezoci uku kuwa kowace sai an kulle ta a kan zangonta ta zauna, aikin da a ɗakin gwaji akwai masu tsaronsa, a masana'anta mai ƙura da girgiza kuwa babu.

Ta ɓangaren auna raunin fili kuma, a shekarar 2020 ɗin wata tawaga a Jami'ar Shanxi ta ƙasar Sin ta haɗa igiyar da ake nema da wata sananniya a cikin tururin siziyom, ta gano filin maikirowef na pikovolt 780 a santimita (pikovolt kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na volt), wanda ya fi na 2012 ƙanƙanta kusan sau 10,000. Wannan awon wuri ɗaya ne, kuma a maikirowef. Hoton ɗakin Ingila na 2020 ya tsaya a santimita ɗaya, launi ɗaya, hotuna 3,000 a daƙiƙa.